Babi na Bakwai: Zomanya da Damina

Wanda duk ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Nguru, ta ratsa Jajimaji, ta faɗa Gashuwa a cikin watannin hunturu, sa'ad da aka gama girbin gero, aka ɗaure dammuna aka kai rumbu, aka kuma saki shanun Fulani cikin karan gonaki, da wuya ya rasa cin karo da ayarin 'yan farauta, ko dai suna tafe a ƙasa, karnuka a gaba samari a baya, kowa da gorarsa ko kerensa a kafaɗa, ko kuwa an loda su cikin buɗaɗɗiyar mota su da karnukan nasu, ana kaɗa ganga, ana busa ƙaho, kowane gwarzo yana yi wa kansa kirari kamar mai shirin karo da zaki. Amma idan mutum ya yi haƙuri ya jira komowarsu da la'asar sakaliya, ya dubi abin da ke rataye a wuyan yaran da ke biye da su, galibin abin da zai gani zomaye ne, sai ɗan abin da ba a rasa ba na zabi da fakara da gafiya. Dattawan Manga da na Bade suna ba da labarin zamanin da barewa ke kiwo a bayan gari, ana ganin jimina a tuddan yashi na wajen Machina da Yusufari, tuje kuma ba abin mamaki ba ne. Wannan zamani ya shuɗe, nauyin farautar ƙasar nan duka ya koma kan ɗan ƙaramin dabban nan mai dogayen kunnuwa, wanda a da yara ake bar wa shi su koyi jifa.

Farauta a wurin magabatanmu tana da lokacin buɗewa da lokacin rufewa, ko da yake ba a rubuta wannan a takarda ba, ba a kuma ɗauki ɗan doka yana tsaronsa ba. Ba a buga gangar farauta sai amfanin gona ya shiga gida, Sarkin Baka ko Sarkin Dawa ya yi izini, an sa rana, an ambaci dajin da za a shiga. Daga nan a yi ta yi, daga kaka har ƙarshen bazara. Ranar da hadari ya haɗo daga gabas, ruwan shuka ya sauka, a ranar ake jingine gora a ɗauki sungumi, domin mafaraucin rani shi ne manomin damina, kuma ba mai hankalin da zai bar gonarsa ciyawa na cinye ta ya tafi bin sawun zomo. Ba na da'awar cewa kakanninmu sun zauna sun yi lissafin cikin zomanya kafin su aje wannan ƙa'ida. Gona ce ta tilasta musu. Sai dai hikimar Ubangiji ta sa watannin da suke duƙe a kan noma, daga Yuni zuwa Satumba, su ne watannin da ciyawa ke tsirowa a wannan ƙasa mai ƙarancin ruwa, su ne kuma watannin da haihuwar namun dawa ta fi yawa. Ta haka zomanya ke samun damina sukutum babu mai korarta, ta haifa, ta shayar, ta yaye, ta sāke ɗaukar wani cikin, har in kaka ta yi a tarar da daji ya mayar da abin da aka ɗiba a rani.

Abin da ya fara jawo hankalina ga wannan mas'ala ya faru ne ina yaro, a wani ƙauye na yammacin Gashuwa inda akan aika ni hutu wurin kawuna, wanda ya yi farauta tun yana saurayi har gwiwa ta hana shi. Wata safiya a tsakiyar marka wani mai harbin dare ya shigo da zomo yana talla, aka saya, aka ba ni in riƙe ana feɗewa. Da aka tsaga cikin sai ga 'ya'ya biyu, halittarsu ta cika, gashi ya rufe su, kunnuwansu a kwance a bayansu, ba abin da ya rage musu sai su faɗo duniya. Kawu ya daɗe yana dubansu bai ce uffan ba, sa'an nan ya ce da ni, "Ɗana, jeka ka haƙa rami ka rufe waɗannan. Uku aka kashe, ɗaya za a ci." Ya ƙi sa hannu a miyar ranar. Na tambaye shi, "Kawu, haramun ne?" Ya ce a'a, shi dai ba a yi masa tarbiyya da naman damina ba. Na yi shekaru ina juya wannan amsa a raina, domin mutumin da bai yi nisa a karatu ba ya rarrabe tsakanin abin da shari'a ta halatta da abin da mutumci ke ƙyama, ya kuma aje kowanne a muhallinsa.

Kuskuren da ya fi yawa a bakin mutane, wanda kuma ya wajaba a kawar da shi kafin a ci gaba, shi ne ƙiyasta zomon daji da zomon gida, har ka ji ana cewa ai zomo ba ya ƙarewa, haihuwa gare shi kamar ɓera. Sunan ne ɗaya, amma halittu biyu ne mabambanta. Zomon da ake kiwo a keji asalinsa daga ƙasashen Turai yake, mai haƙa rami ne, cikinsa wata ɗaya ne, yakan kuma zubo 'ya'ya shida ko takwas a lokaci guda, tsirara, idanu a rufe. Na dajinmu kuwa ba ya haƙa rami, ba shi da gida sai ɗan gurbin da yake share wa kansa a gindin sabara ko kaba ko cikin tushen gamba, inda yake wuni a lafe, kunnuwa a kwance, launinsa ya saje da ƙasa, har mutum ya kusa taka shi bai gan shi ba. Cikin zomanya yakan kai kimanin mako shida, abin da take haifa kuwa ɗaya ne ko biyu, in ta yi yawa uku. Suna zuwa duniya da gashinsu, idanunsu a buɗe, ba da jimawa ba su fara tsalle, tun da yake babu rami ko ƙofa da za ta kāre su daga dila da yanyawa da shaho da maciji. Mafi yawansu ma ba sa kai shekara. Dabbar da ke haifar biyu, maƙiyan dawa su cinye ɗaya, ba za ta jure abin da mai haifar takwas za ta jure ba.

Akwai kuma wata ɗabi'a ta wannan jinsi wadda masu binciken dabbobi suka tabbatar, tsofaffin maharba kuma suka sani tun kafin su, watau zomanya ba ta zama tare da 'ya'yanta. Tana haihuwa sai ta bar su, kowanne ya lafe a nasa wurin, ita kuwa ta yi nisa domin kada warinta ya jawo musu maƙiyi. Ba ta komowa sai sau ɗaya a yini da kwana, bayan faɗuwar rana, ta shayar da su na 'yan mintoci kaɗan da nono mai kauri da maiƙo wanda zai riƙe su har gobe war haka, ta sāke ɓacewa. Haka za ta yi ta yi har kusan wata guda kafin ta yaye su. To, ya kai mai karatu, dubi sa'ar da mai fitila ke fita. Yana gama sallar magariba ko lisha yake ɗaura fitilarsa a goshi, ya saɓi bindigarsa, ya nufi bakin gonaki, daidai lokacin da uwa ke kan hanyarta ta zuwa shayarwa. Haske na dukan idonta sai ta daskare wuri ɗaya, idanun suna ƙyalli ja, gudun nan da kaucekaucen da Allah Ya hore mata ba su amfane ta da kome ba. Mai harbin ba shi da hanyar da zai san mace ce ko namiji, gama ko da rana tsaka ba a rarrabe su daga nesa, balle cikin duhu. Ya ɗauka ya jefa a buhu, ya lissafa ɗaya. Waɗanda ke lafe a gindin sabara suna jiran nono ba sa kuka, ba sa fitowa nema, yunwa za ta kashe su a inda uwarsu ta bar su, ba kuwa wanda zai taɓa sanin an yi su.

Abubuwan da suka warware tsohuwar ƙa'idar ba a rana ɗaya suka zo ba. Tun da jirgin ƙasa ya iso Nguru daga Kano a 1930, garin da a da yake mazaunin Galadiman Barno ya zama matattarar gyaɗa da ƙaro da fatu da busasshen nama da bandar kifi, mutanen ƙasar suka saba da cewa duk abin da daji ko ruwa ya bayar akwai mai sayensa a nesa. Sa'an nan farin 1973 da na 1984 suka karya dukiyar talakawa, suka kashe dabbobi da itatuwa, suka koya wa mutane neman abin kai wa baki ta kowace fuska. A sama kuma aka datse ruwan da ke ciyar da fadamun nan, aka gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke malala tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa ta canja hali, kachala ta toshe hanyoyin ruwa, wasu gonaki suka nutse, wasu suka bushe, manomi da masunci da makiyayi kowa ya matsa ya shiga abin da a da daji ne. Jama'a ta ƙaru, saura ta ƙare, gonar wannan ta haɗe da ta wancan. Bisa wannan duka sai ga fitila mai caji wadda haskenta ke kai nesa, ga babur mai kai mutum dajin da a da sai an yi kwana biyu a ƙasa, ga kuma masu gashi a tasha waɗanda ba ruwansu da rani ko damina muddin za a kawo. Harbin dare ba ya hana noman safe, saboda haka gonar da ta kasance tana tsare zomanya ta daina tsare ta.

A nan ya kamata in yi adalci ga gaskiya ko da za ta rage wa hujjata kyau, domin ƙasar Nguru da Bade ba kamar sauran ƙasashen tudu take ba. Zomo a ƙasashe masu zafi ba shi da wata guda da aka ce a cikinsa kaɗai yake haihuwa; ɗanyar ciyawa yake bi, inda duk ta samu haihuwa ta samu. A kan tudu ciyawa na bushewa tun Oktoba, amma a fadama, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke haɗuwa su zama Komadugu Yobe, sai ruwa ya fara janyewa sabon tsiro ke fitowa, ga kuma lambunan rani na alkama da albasa da tattasai masu ɗanye har cikin bazara. Ma'anar wannan ita ce ana iya samun zomanya mai ciki a bakin fadama a tsakiyar ɗari, lokacin da farauta ke kan ganiyarta, kuma mafarauta da kansu suna faɗin haka. Don haka rufe damina kaɗai ba zai tsare kowace uwa ba. Zai tsare mafi yawa, wannan kuwa ya isa dalilin yinsa. Sauran kuma sai a haɗa da keɓe wasu wurare a gefen fadama waɗanda ba a shiga da kare ko da wane lokaci ne. Abin da ba ni da wani uzuri da zan nema masa shi ne cinna wa daji wuta domin a koro nama. Babban zomo yakan tsere wa wuta, amma jaririn da aka halicce shi a kan ya lafe idan ya ji motsi, a nan inda yake za ta cim masa, ta haɗa da abincin shanu da ƙananan itatuwan da ke riƙe da yashi.

Mai son ya ga yadda ƙididdiga ke bayyana abin da ido ba ya gani sai ya dubi wani ɗan'uwan zomonmu da ke can dazuzzukan sanyi na Kanada da Alaska, wanda za mu iya kira zomon ƙanƙara. Allah Ya yi masa faffaɗan tafin ƙafar baya mai yawan gashi domin ya yi gudu a kan dusar ƙanƙara ba tare da ya nutse ba, Ya kuma sa gashinsa ya zama ƙasa-ƙasa a lokacin zafi, ya rikiɗe fari fat a lokacin sanyi. Yana haihuwa daga wajen Maris zuwa Agusta, cikinsa kwana 35 zuwa 37, macen kuma takan haihu sau biyu zuwa huɗu a shekara. Wani kamfanin fataucin fatu mai suna Hudson's Bay, wanda aka kafa a 1670, ya daɗe yana rubuta adadin fatun da maharba ke kawo masa kowace shekara, ba don ilmi ba, don lissafin riba. Da wani masani na Jami'ar Oxford, Charles Elton, ya zauna a kan waɗannan littattafan ciniki, sai ya nuna a rubuce-rubucensa na 1924 da 1942 cewa namun dajin can suna yawaita su ragu bisa wani zagaye na kimanin shekara goma, kuma wata babbar kyanwar daji da ke rayuwa a kan naman wannan zomo tana bin sawunsa, in ya yawaita ta yawaita, in ya faɗi ta faɗi a bayansa.

Waɗanda suka biyo baya suka yi shekaru masu yawa suna bincike a yankin Yukon, suka gano wani abu wanda a ganina ya fi zagayen kansa ban mamaki: a shekarun da maƙiya suka yi yawa, matan da suka tsira ma haihuwarsu na raguwa, 'ya'yan su fito ƙanana, saboda tsananin fargabar da uwayen ke kwana da ita suna tashi da ita. Tsoro kaɗai, ba tare da an taɓa jikinta ba, yana rage zuriyarta. Ban ce abin da ya tabbata a dajin ƙanƙara dole ya tabbata a dajinmu harafi da harafi ba, amma mai hankali zai yi tunani a kan halin zomanyar da karnuka ke kora da rana, fitila ke nema da dare, wata goma sha biyu babu hutu. A galibin jihohin Amurka da lardunan Kanada da ke da wannan zomo, da kaka ake buɗe farautarsa, a rufe idan lokacin haihuwa ya kama. Mutanen Ingila kuwa tun a 1892 majalisarsu ta yi wata doka wadda ta ba ni sha'awa saboda inda ta kama: ba ta hana manomi kashe zomon da ke masa ɓarna ba, sai ta hana sayar da zomon daji a kasuwa daga Maris zuwa Yuli. Sun fahimci abin da karin maganarmu ta riga ta faɗa, cewa zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. In aka rasa mai saye, mai harbi zai kwanta ya yi barcinsa.

Na san akwai wanda zai ce, mene ne namu da dokokin Nasara a kan abin da Allah Ya halatta? Tambaya ce da ta cancanci amsa daga littattafanmu. Halaccin naman zomo ba abin jayayya ba ne a mazhabobin nan huɗu. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa sun taso wani zomo a Marruz Zahran kusa da Makka, mutane suka bi shi har suka gaji, Anas ya kama shi ya kai wa Abu Ɗalha, ya yanka, ya aika wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da cinyoyinsa, ya kuwa karɓa. Har ɗan tayin da aka tarar a ciki, malaman Malikiyya sun ce yankan uwarsa ya isar masa idan halittarsa ta cika gashinsa ya tsiro. Kawuna bai yi kuskure ba da ya ce ba haramun ba ne. Amma waɗannan malamai ɗin dai su ne suka ce farauta na karɓar hukunce-hukuncen nan biyar gwargwadon halin mai yinta da nufinsa: tana wajaba ga wanda ba shi da wata hanyar ciyar da iyalinsa, tana halatta ga mai neman abin masarufi, Ibn Abi Zaidin Alƙairawani kuma ya bayyana a cikin Risala, littafin da kowane almajirin ƙasar nan ya sani, cewa yin ta domin wasa makaruhi ne; idan kuwa ta zama kisa ba da nufin ci ba, ko ta kai ga ɓarnar gonakin mutane da tozarta salla, ta shiga haramun. Sun kuma gindaya sharuɗɗan da 'yan farautar yau da yawa ba su kula da su ba, na niyya da ambaton sunan Allah yayin sakin kare, da kasancewar karen horarre, da cewa abin da aka buge da gora ko kere ya mutu kafin a kai masa wuƙa mushe ne.

Shari'ar da ta halatta farauta ita ce kuma ta fara koya mana rufe ta a wani lokaci da wani wuri, tun da ta hana mai harami da Hajji ko Umra taɓa naman dawa, ta hana kowa da kowa yin farauta a cikin hurumin Makka. Imam Malik ma ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya hukunta wa mai haramin da ya kashe zomo fansa da 'yar akuya. Annabi ya keɓe makiyayar Naƙi'i, Umar ya keɓe ta Rabaza, daga irin wannan ne fuƙaha'u suka fahimci cewa shugaba na da ikon taƙaita abin da yake mubahi idan maslahar jama'a ta nemi haka. Hadisin da ya fi taɓa zuciyata a wannan babi kuwa shi ne wanda Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud, cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata ƙaramar tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana shawagi tana karkaɗa fukafukai, da Annabi ya komo ya gani sai ya nemi sanin wanda ya tayar mata da hankali a kan 'ya'yanta, ya yi umurni a mayar mata da su. A cikin wannan ruwaya ɗin kuma ya ga gidan tururuwa da suka ƙone, ya yi musu inkari, ya sanar da su cewa azaba da wuta ta Ubangijin wuta ce Shi kaɗai. Raba uwa da 'ya'yanta da ƙona daji, laifuffuka biyun da muke magana a kansu, ga su an haɗa su a hadisi guda tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce.

Ba na manta haƙƙin manomin da ya shuka wake ko kankana, ya wayi gari ya tarar zomo ya bi layi ya gutsure tsiron tun yana ganye biyu. Wannan yana da ikon kāre gonarsa, da shinge ne, da tarko ne a cikin iyakarta, babu mai zarginsa. Haka kuma ba na manta magidancin da rumbunsa ya ƙare a watan Agusta, sabo bai nuna ba, yara na kuka; lalura tana da hukuncinta. Ba na kuma ƙasƙantar da mafarauta, mutanen da suka san daji kamar tafin hannunsu, waɗanda a shekarun fitinar Boko Haram da yawa daga cikinsu suka saɓi bindigoginsu suka tsaya wa garuruwan Arewa maso Gabas da rayukansu. Maganata tana kan wanda ya mai da harbin damina sana'a, da mai sayen da ke ba shi kuɗin harsashi, kuma mafaraucin gaskiya shi ne farkon wanda wannan sana'a ke cuta, domin shi ne zai tara gayya a watan Janairu, a wuni ana ratsa daji da karnuka hamsin, a komo da abin da bai kai a raba ba, har rigima ta tashi a kan karen wa ya fara kamawa.

Dokokin gwamnati suna nan a takarda, tun daga Dokar Namun Daji ta Jihar Arewa ta 1963 har zuwa dokar soja ta 1985 a kan dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, amma hankalinsu ya fi karkata ga manyan namun dawa. An sa yankin Dagona cikin Gandun Dajin Tafkin Chadi da aka kafa a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Yobe, an kuma sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, duk saboda tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara daga Turai su yi hunturu a wurinmu. Zomo ba baƙo ba ne, ba ya cikin abin da duniya ke tsoron ƙarewarsa, don haka ba wanda ke zuwa daga nesa ya ƙirga shi. A ganina ma maganinsa ba a ofis yake ba. Mutanen da suka san a rufe tafki a hana kamun kifi har sai Bulama ko Sarkin Ruwa ya sa ranar buɗewa, mutanen da ke taruwa bikin kamun kifi na Gogaram su ga da idonsu abin da ruwan da aka bari ya huta ke bayarwa, ba sa bukatar a yi musu dogon sharhi a kan rufe daji. Idan Mai Bade da Sarkin Nguru suka kira sarakunan baka da shugabannin ƙungiyoyin mafarauta da na masu gashi, aka yi ittifaƙi cewa daga ruwan shuka har a ɗaure gero ba a fita da fitila, ba a kuma kasa zomon daji a tasha ko kasuwa, limamai suka faɗa a huɗubar Juma'a, to, kunyar idon jama'a za ta yi aikin da ma'aikacin gandun daji guda a kan babur ba zai iya ba. Jami'ar Tarayya da aka kafa a Gashuwa a 2013 kuwa tana da ɗaliban da za su iya zama da mafarauta shekara biyu ko uku, suna rubuta watan da aka fi samun mata masu ciki ko masu nono a tudu da fadama, domin a yanka lokacin rufewar bisa sani.

Saura abu guda wanda ba ya jiran sarki ko malami, a hannun iyaye yake. Kowace damina yaran da ke kai abinci gona ko masu yankan ciyawa sukan ci karo da ɗan zomo lafe shi kaɗai a gindin kalgo, su ɗauka maraya ne, su sa shi a hula su kawo gida, a ba shi madarar akuya ko ƙasarin koko, bayan kwana biyu ko uku a wayi gari ya mutu. Ba maraya ba ne, uwarsa na nan kusa tana jiran rana ta faɗi. Daminar bara wani jikana ya zo mini da guda a tafin hannunsa, zuciyar ɗan abin tana bugawa har ana gani ta cikin gashi. Na ce ya kai ni inda ya ɗauko shi. Muka koma bakin gonar wake, ya nuna mini gurbin, muka aje shi, muka ja ciyawa muka ɗan rufe, muka koma nesa bayan wata aduwa muka zauna ba mai magana. An kira magariba a ƙauye, muka yi sallarmu a nan kan yashi, haske ya kusa ƙarewa sarai, sa'an nan yaron ya taɓa gwiwata a hankali, ya nuna mini kunnuwa biyu dogaye da suka ɓullo daga cikin gamba, suka tsaya, suka juya gabas da yamma, suka nufi gindin kalgon.